Je Ki Rage Rabi

"Daure ki ƙara ɗaya," in ji Nu'uman, yana miƙa wa matarsa Jannatu wata ledar ruwa.

Tun daga ƙauyensu Tabanni yake ɗura mata, don ranar awo an ce ta zo hoton ciki da fitsari a mara. Shi kuwa duk abin da asibiti ya ce, ninkawa yake yi. Ba ta ga laifinsa ba. A cikinta na fari jijjiga ta kama ta, ko da ta farfaɗo an riga an binne jaririn.

Sai dai hanyar Birnin Gwari ba ruwanta da wannan. Duk ramin da babur ya faɗa sai Jannatu ta yi salati. A shingen 'yan sintiri kuma Nu'uman ya tsaya gaisuwa, har da tambayar yabanya.

Suka tarar babu wuta a asibiti. Ta zauna, ta miƙe, ta harɗe ƙafafu. Kafin janareto ya tashi ta daina amsa gaisuwar kowa.

Sista Rebecca mai ɗaukar hoton ta danna mata na'ura a mara, ta dubi allo, ta tuntsire da dariya.

"Baiwar Allah, rijiya kika shanye? Ban ga komai ba sai ruwa. Je ki rage rabi."

"Rabi, Sista? Wa zai tsayar da shi?"

"Ke mana."

Jannatu ta dawo daga ban-ɗaki tana sunkuyar da kai. "Wallahi na ce wa fitsarin ya tsaya a rabi, bai ji ba, duk ya fita."

"Kwanta, haka ma zan gani."

Can Sista ta juyo mata da allon. "Ga shi nan, wata uku, zuciya na bugawa. Amma jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini sun ɗan matse, hawan jini zai iya tasowa nan gaba. Gara da kika zo da wuri. Likita zai rubuta miki ƙwaya, ɗaya kullum, kuma kada ki tsallake awo."

Nu'uman ya leƙo daga ƙofa. "Ranki ya daɗe, in ta sha bibbiyu fa?"

"Ɗaya, Malam! Ashe kai ne mai rijiyar."

A hanyar komawa ya riƙa lallaɓa babur, har wani tsoho mai keke ya wuce su yana yi musu sannu da jiki. Jannatu ba ta ce ya ƙara wuta ba. Ta dafa cikinta, ta soma gwada sunaye a ranta.