Mai Koren Gyale

"Ba zan shiga ba," in ji maigidana, yana tsaye a ƙofar ɗakin maƙwabcinmu, takalmi ɗaya a cire ɗaya a ƙafa. Auta, 'yar marar lafiyar, ta riƙe masa labule har hannunta ya gaji. Ya mayar da takalminsa, ya ce kansa ke sarawa, ya koma gida. Ni aka bari da roban ruwan ɗumi a hannu, kunya ta ishe ni.

Wanda ke kwance a ciki shi ne A-matsa. Ya samo sunan tun yana kwandastan bas, don ko mota ta cika maƙil sai ya leƙo ya ce a matsa, akwai wuri. Maigidana ne direbansa shekara da shekaru, har kamfanin ya rushe aka sayar da motocin ga masu sayen tsohon ƙarfe. Tun daga nan suka ƙirƙiro abin yi. Kullum da yamma sai su zauna a bencin ƙofar gidanmu su sake bin tsohuwar hanyarsu da baki. A-matsa ya riƙa kiran wuraren tsayawa, bakin gada, gidan mai, ƙofar asibiti, maigidana yana murza sitiyarin da babu shi. In A-matsa ya buga benci sau ɗaya da zoben hannunsa, a tsaya ke nan. In ya buga biyu, a tafi. Maigidana bai taɓa tashin mota bai ji bugu biyun nan ba, ko a kan titi ko a kan benci.

Ba zan ɓoye ba, kishin mutumin nan nake yi. A cikin gida maigidana kalmominsa ba su wuce "to" da "uhm" ba. In ce masa rufin kicin yana yoyo, to. In ce jikarmu ta fara tafiya, uhm. In ce gwiwata ta hana ni tsuguno, sai ya ce Allah ya sauwaƙe yana neman hularsa. Amma da ya hau bencin nan sai ka ji shi yana dariya har da tari, yana tuna fasinjan da ya shigo da akuya a ƙarƙashin riga. Ni da na haifa masa 'ya'ya ban san yana da wannan dariyar ba sai ta taga. Shi ya sa da sun fara nake rufe tagar, in ƙara wa rediyo murya. Ban taɓa sauraron tafiyar tasu har ƙarshe ba.

Da ɓarin jikin A-matsa ya shanye, bakinsa ya karkace, sai abin ya juye yadda ban zata ba. Ni da Auta muke juya shi, mu goge shi, mu canza zanin gado. Ni da ko gaisuwarsa nake amsawa a daƙile, ni ce mai ba shi ruwa da cokali. Aminin nasa kuwa yana benci, duk wanda ya zo dubiya sai ya tare shi da labarin yadda A-matsa ke ɗare mota tana gudu, hannu ɗaya a ƙofa. Bango ɗaya ne tsakaninsa da mai labarin, amma ya kasa leƙa shi.

Kullum A-matsa sai ya tattaro harshensa da ƙyar ya tambayi Direba. In ce ya je aski, gobe in ce ya je gyaran takalmi. Da ya gaji da jin uzuri sai ya daina tambaya, ya koma buga ƙarfen gado da zobensa. Biyu, ya huta, ya sake biyu. Har cikin tsakar gidanmu ake ji.

Ranar nan da rana na tarar da maigidana zaune a bakin katifa, ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Na sauke hannuwan da kaina.

"Malam, wancan mai ɗare motar ya daɗe da tafiya," na ce. "Wannan mai bugun gadon shi ne naka, kuma ba daɗewa zai yi ba."

Ya ce ba zai iya ganin fuskarsa a haka ba. Na ce to kada ya gani, dama yaushe direba ke kallon kwandasta?

Haka aka yi. Auta ta ajiye kujera a gefen gado, bayan kujerar ga marar lafiya. Maigidana ya shiga kansa a ƙasa, ya zauna, ya kama iska da hannu biyu. Zobe ya daki ƙarfe sau biyu, aka tashi. Muryar A-matsa a narke take, amma maigidana yana gane kowace kalma. Suka wuce gada, suka wuce gidan mai, suka yi wa wani mai keke faɗa. Ina tsaye a baya da tawul, ina jiran a gama in goge masa wuya.

Sai bugu ɗaya. "Kwanar makaranta," in ji A-matsa.

"Ta fito?" Maigidana ya tambaya, da wata murya mai laushi da na manta yana da ita.

"Ga ta can. Mai koren gyale. Ta makara."

"A jira ta. Fasinja su yi haƙuri."

Auta ta raɗa mini cewa kullum a nan suka fi daɗewa. Tana murmushi, tana ganin albishir ta yi mini. Ni ce mai koren gyalen, lokacin ina zuwa koyon ɗinki. Ya kamata in ji daɗi, amma wallahi ban ji ba. Ashe duk shekarun nan yarinyar can ake tsayar wa da mota kowace yamma, ni ina bayan taga da gwiwa mai ciwo. Gyalen ma ya daɗe da zama tsumman sauke tukunya. Na yi kishin A-matsa na gaji, yau ga ni ina kishin yarinyar da ba zan iya ko harara ba.

Da na ɗaga ido, A-matsa ba ƙofa yake kallo ba. Ni yake kallo, da idonsa ɗaya mai buɗewa sosai.

"Matar Direba," ya ce, "kin daɗe a tsaye. Direba, a matsa mata."

Maigidana ya juyo. Ya gan ni da tawul, ya ga abokinsa yadda ya koma, baki a karkace, yawu a gefen haɓa. Ya karɓi tawul ɗin daga hannuna ya goge masa da kansa, sannan ya juya kujerar ta fuskanci gadon. Hannun A-matsa yana kan ƙarfe, muna ta jiran bugu biyu. Bai buga ba. Kafin rana ta faɗi ya cika, yatsunsa cikin na maigidana.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, wata yamma na ga maigidana a benci shi kaɗai, hannuwansa a kan cinya. Na ɗauki farantin tsintar wake na fita na tsaya a kansa. Ya matsa gefe, na zauna daidai inda zobe ya lotsa katakon. Ya daɗe yana kallona.

"Yaushe kika fara sa tabarau?" ya ce.

Tun kafin a haifi jikarmu nake sa shi. Na buɗe baki zan faɗa masa da zafi, sai na ga ya sa hannu a farantin, ya zaro tsakuwa ɗaya, ya ajiye a tsakaninmu.