Ba Wanda Ya Kira Ni a Taku na Bakwai

…a'a, ku zauna tukuna, ku biyun. Kai Babba, ajiye wayar nan. Zalika, ja ƙofa, kada Auta ya faɗo mana ana cikin magana. Ku saurara da kyau, sau ɗaya zan faɗa —

Haka zan fara. Haka na tsara tun a cikin jirgin ƙasa. To ga ni a ƙasan benen Tianxiu inda ofishinmu yake, a kan dakalin da masu jiran kaya ke zama, lif ya sauko sau huɗu ya koma ban shiga ba. Hawa tara ne kawai. Na san suna can, Babba yana ɗaure kwali da salatif, Zalika tana musu da wani ɗan Kumasi a kan kilo biyu. Ni uwarsu ina nan ƙasa kamar baƙuwar da ta yar da adireshi.

Kwana ashirin da uku. Shi ya rage a takardar zaman Zayyad, Autana, a ƙasar nan. Wannan dai na gane shi, lamba ce, ba ta da wuya. Sauran ne…

Besbol. Shekara ashirin yaron nan yana wasan nan, har yau ban san yadda ake cin sa ba. Mutum ya jefo ƙwallo kamar lemon zaƙi, wani ya kai mata duka da kulki, ya yar da kulkin ya ruga, ya zaga ya zaga ya dawo inda ya taso, sai a tafa masa. Inda ya taso fa. Ni da na bar Fagge da jaka ɗaya, in na dawo inda na taso wa zai tafa mini? Shi mai jifa ne, Autana. Yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Da jifan mangwaron maƙwabta ya fara, kafin rasuwar mahaifinku, kafin in ɗauko shi in kawo nan yana ɗan shekara takwas ba ya jin ko nihau, sannun Sinanci. Malamin makarantarsu ya gan shi ya jefi gwangwani daga can nesa… shi ke nan. Na ce wasa ne, zai wuce. Bai wuce ba. Shekara takwas yana yi wa kulob ɗin mai kamfanin tayil ɗin nan wasa, su ke biyansa, su ke sabunta masa takarda.

Wai yanzu ya zama mai zaman kansa. Da murmushi ya faɗa mini, yana cire takalmi. Umma, kwantiragi ya ƙare, ba su sabunta ba, yanzu duk kulob ɗin da ke sona sai ya zo ya taya. A garinmu wannan ai kora sunanta. Ko ba ita ba ce? In ba ita ba ce, me ya hana shi cin abinci ranar?

Kuma wa ya taya? Kulob ɗaya, can arewa, inda ruwan buta ke daskarewa. Kakar wasa ɗaya. In kafaɗar ta riƙe —

Kafaɗar. Ku ba ku lura ba, ni na lura. Ku dube shi in zai yi kabbara, hannun hagu yana kaiwa kunne, na dama a gemu yake tsayawa. Tun azumin bara. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba, sai dai na ƙara sayo man zafi na ajiye a inda zai gani.

Sauran 'yan wasa suna da wakilai, masu kwat, su ke shiga a yi ciniki. Shi sunana ya rubuta a fom ɗin. Yalwa Shitu, wakiliya. Ya ce ai ko an ba ni duniya ba na sa hannu sai kin sa albarka, to gara su yi magana da ke kai tsaye, wa ya fi ki iya ciniki a garin nan? Na ji daɗi. Kada in yi muku ƙarya, na ji daɗi har cikin raina. Ni da ban taɓa zama a aji ba, da yatsa da kalkuleta na koyi Sinanci, ni da 'yan kasuwar Guangyuan ke ganina daga nesa su ce Mama ta zo, a ɓoye farashin baƙi…

Wannan matar mai jan akwati tana kallona. Ta san ni. Ina wuni, Hajiya, lafiya kike zaune a nan? Lafiya lau, iska nake sha. Wace iska, a wannan zufar da mayafi ya manne mini a wuya?

Litinin ce na je. Ku ba ku sani ba, na ce muku asibitin haƙori za ni. Na ɗaura leshina mai ruwan toka, na ɗauki kilishi da turaren wuta, don ba a shiga wurin mutane hannu rabbana. Na ɗauka tsoho zan tarar, mai tumbi, mu sha shayi mu gwada juna. Sai ga yarinya. Ba ta kai Zalika ba. Madam Fang, ita ce manaja, da ɗan allonta na gilashi a hannu. Ta tagar ofishin ina hango filin, wasu yara ƙanana, ko gashin baki babu, suna ta jifa ƙwallon tana kauce musu.

Da Turancin kasuwa muka yi. Ta ce Mama, shekara biyar muna zuwa na uku, na huɗu, ba mu ci kofi ba, ba mu faɗi ƙasa ba, kullum a tsakiya. Za mu saki manyan guda shida, mu ɗauki waɗancan, mu raine su. Shekara uku za mu yi ana cin mu, mun sani, mun shirya. Da bakinta fa. Mun shirya a ci mu. Mutum ya buɗe shago ya ce ya shirya faɗuwa? Ka kwashe kayan da ke tafiya ka zubar, ka jera ɗanyu waɗanda ba wanda ya sani, ka zauna kana jira? Wane irin lissafi —

To amma leshin fa?

A'a, wannan daban. Daban ne… ko? Shekarar da na ga leshi ya fara kwantai, kowace mai jakar hannu ta zama dila, na kwashe shagon kaf na karyar, na zuba fitilun sola da batura. Kowa ya ce Yalwa ta haukace. Shekara uku muna shan gari, kai Babba ka tuna, har takalminka ya ɓule. Ga shi yau solar ce ke riƙe da ofishin da ke saman kaina. Da Shehu… Shehu ƙanin mahaifinku, da ke gane leshi da tafin hannu ido a rufe, amma bai san wayar ja da baƙa ba. Na saya masa tikiti. A bakin lif ɗin nan ya tsaya da akwatinsa ya ce Hajiya, me na yi? Na ce ba ka yi komai ba, Shehu.

Ita ma haka ta ce mini. Bai yi komai ba, Mama, yaron kirki ne.

Na ce jifansa ya fi na kowa a filin nan. Ta juyo mini allon. Layin ƙarfin jifansa ne yana gangarowa, bara, bana, kowane wata. Ta taɓa kafaɗarta ta dama da yatsa biyu. Ashe ta sani. Ni da nake bugun ƙirji ban taɓa ɓoye aibin kaya ba, na shigo ina ɓoye na ɗana, ga shi a rubuce a gabanta.

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne wurin. Nan ne abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ta yi tayi. Ta ce ba zai ƙara hawa tudun nan ba, amma suna bukatar wanda zai koya wa yaran jifa. Shekara ɗaya, rabin albashi, su sabunta masa takarda, in ya yi kyau a ƙara. Ta ce shi suka fara tunani, amma akwai wani a bayansa, kada a ɗauki lokaci.

Akwai wani a bayansa. Sau nawa na ji wannan a Guangyuan? Mama, wani ya riga ya taya, yanzu zai dawo. Ba wanda ke dawowa. Sai na yi dariya a raina, na ce yarinya, a wannan makarantar ni ce shugaba. Tayin farko ba a karɓarsa, ko jariri ya sani. Na ce shekara uku, cikakken albashi, kuma ya ci gaba da wasa. Ta ce meyo. Babu. Na ce to sheshe, mun gode. Na ɗauki jakata na miƙe a hankali, na gyara mayafi, na juya mata baya.

Kun san yadda nake yi. Kun sha bina a baya kuna riƙe dariya. Ba a sauri, ba a waiwaye. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu mai shago yana kallon matarsa. A na biyar yana danna kalkuleta. Shekara ashirin da biyu a garin nan ban taɓa wuce taku bakwai ba a ce Mama, Mama, dawo, kawo kuɗi ba.

Shida. Bakwai.

Takwas… ƙofar gilashi ta buɗe da kanta. Na tsaya a baranda ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Na ji ƙarar kulki ya sami ƙwallo, yara suna ihu. Na ce to, wayayya ce, ta waya za ta kira. Talata na kwana da waya a ƙarƙashin filo. Laraba Zalika ta ce Umma me kike ta dubawa, na ce kwantena. Alhamis —

Yau da safe, muna karyawa. Ya tsoma burodi a shayi, da hagu ya ɗaga kofin, ya manta ina kallo. Ya ce Umma kin ji, sun ba abokina aikin koyar da yaran, wanda ke tare mini ƙwallo. Ya ce har ya taya shi murna. Sannan ya ce, da ni suka yi wa tayin nan wallahi ko kyauta ne da na karɓa, yaran nan suna da hannu, ba su da mai nuna musu ne kawai. Amma ba su ma tuna da ni ba.

Ba su ma tuna da shi ba…

Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ni na faɗa. Bakina bai yi rawa ba, shi ne abin da ke ba ni tsoro.

Daga can nake yanzu. Na koma. Ni Yalwa, da ban taɓa komawa shagon da na juya wa baya ba. Ta tarbe ni da hannu biyu, ta zuba mini shayi, ta ce kilishin ya yi daɗi, mahaifiyarta ma ta ci. Na ce wancan tayin, mun karɓa. Ta dube ni kamar za ta yi kuka, ta ce Mama, an sa hannu tun Laraba. Kin ce a'a, na ɗauka a'arsa ce. Ba ke ce wakiliyarsa ba?

Ni ce.

To ina laifin yarinyar? Ina so in ji haushinta, na neme shi a cikin jirgi tasha goma sha ɗaya ban samu ba. Ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, shi ne ya ruɗe ni. A ina ake ciniki ba ƙarya? Ta ce akwai wani, ashe akwai wani. Ta ce babu, ashe babu. Wa zai gane irin wannan?

Kai Babba na san abin da za ka ce, tun bara kake faɗa: ya shigo ofis, a yi masa takarda da sunan kamfaninmu, ya daina wasan yara. Zai shigo in na ce. Zai zauna yana auna kwali har ya tsufa, ba zai taɓa ce mini komai ba, kamar Shehu da har yau yake aiko mini da gaisuwar salla. Ke Zalika za ki ce a bar shi ya tafi arewa ya gwada. Da wace kafaɗa? Ya je ya ƙarasa ta a cikin sanyi, ba mai dafa masa, ba mai ajiye masa man zafi, bayan wata shida su ma su juyo masa allo? Kuma duk wanda aka zaɓa, gabana zai zo ya durƙusa, Umma sa mini albarka. Da wane baki? In faɗa masa tukuna, ko in sa albarkar a kan abin da bai sani ba? In na faɗa, ya daina kallona yadda yake kallona. In ban faɗa ba, ya rayu yana cewa shekara takwas ya yi musu ba su tuna da shi ba…

Lif ya sake saukowa. Na biyar ke nan, ko na shida.

Taku bakwai. Me ya sa bai ci ba? Ina ta juya shi. Na yi sauri ne? Na ɗaga farashin da yawa? A'a… tsaya. A Guangyuan wa ke tafiya? Ni, mai kuɗi a jaka. Wa ke kira? Mai kaya. Shekara ashirin da biyu ni ce mai saye. Ranar Litinin kaya na kai. Ni ce mai shagon, kayana guda ɗaya tak, mai tabo a kafaɗa, mai saye ɗaya ta taya… sai na tashi na bar ta a zaune ina ƙirga taku. Ni ya kamata in kira. Ni.

To, in tashi. Bari in kama ƙarfen nan.

Kai Babba, Abdulgani — to, na faɗi sunanka yau, ɗan fari ko ba ɗan fari ba, kunyar ta ƙare mini. Abdulgani, Zalika, ku manya ne yanzu. Kullum ni ke yankewa ku bi, wannan karon na yanke ya karkace. Ku zauna ku biyu ku raba mini shi kafin ya dawo daga la'asar: ofis ko arewa, in faɗa masa ko in yi shiru. Abin da kuka ce shi zan yi, ba zan ƙara ko kwabo a kai ba. Kawai kada ku ce mini Umma duk yadda kika gani.

Ban gani ba. Hawa na nawa ne ma… tara. Tara.