Muryar Davou a Taron Manchester

Ishaq ne da kansa ya haɗa su. Zanele, ɗaliba 'yar ƙabilar Zulu, tana bincike kan yadda babban harshe ke danne ƙanana, tana neman 'yan arewacin Najeriya da za ta yi hira da su. Ishaq ya kawo mata Davou, ɗan Birom daga Jos, wanda suka shekara huɗu a gidan haya ɗaya a unguwar Perry Barr da ke Birmingham.

"Ga shaidata," in ji Ishaq. "Mu Hausa haɗa mu ta yi. Wannan ya fi ni iya karin magana."

Ranar da za ta gabatar da aikin a Manchester, tare suka taso daga Birmingham, Ishaq da Davou suka zauna kafaɗa da kafaɗa a zauren taron. Zanele ta fara da gida. Ta ce ɗaliban Zulu suna kukan Turanci ya danne su, amma ba sa jin kukan waɗanda Zulu ya danne. Daga nan ta kunna wata hira. An ɓoye sunan mai maganar, amma wa zai ɓoye wa Ishaq muryar da ke tashinsa sahur alhali mai ita ba ya azumi?

"Kakata ta yi mini wasiyya da Birom, ban gane ko rabi ba," in ji muryar, da Hausa tsantsa. "Ina da aboki da ke ce mini Bahaushen Jos. A ganinsa yabo ne. Nakan yi dariya, don zama da su sai da dariya."

Ishaq ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Da aka fito, ya tare Davou a bakin matakala.

"Su? Ni ne su, Davou? Kwano ɗaya muke ci, ka rasa wanda za ka faɗa wa sai baƙuwa da rikoda?"

"Malam, ita tambayata ta yi."

"Ni fa?"

"To, bismilla. Yaya ake cewa ina kwana da yarenmu?"

Shekara huɗu tare, Ishaq bai san ko kalma ɗaya ta Birom ba. Wannan ya fi yi masa ciwo, ya kuma ƙara masa fushi.

Da suka shiga jirgin ƙasa za su koma, Davou ya ɗora jaka a kujerar gefensa don ya tsare wa Ishaq wuri. Ishaq ya gani sarai, ya wuce tarago na gaba.