Matashi Uku a Ƙarƙashin Kafireta

Tun a gareji Ukasha bakanike ya gargaɗe ni. Ya goge hannunsa da tsumma, ya dubi abin da na tilasta shi ya ɗaura, ya ce, "Baba Altine, wagga mota za ta ba ka kunya, kuma gaban mutane za ta yi." Na ce ya ƙara ɗaure notin kawai.

Motar akori-kura ce da muka gada wurin mahaifinmu, ta girmi Ukasha nesa ba kusa ba. Da sanyin safiya taɓawa ɗaya take tashi. Amma in ta sha tafiya rana ta take, sannan ta mutu, to sai ta huce don kanta. Ko unguwa guda za ta tura ta, ba za ta kula ba. Na daɗe da sanin halinta ban damu ba, sai bana da aka aiko daga Gumbin Kure cewa cikin ɗiyata ya tsufa, a zo a ɗauko ta ta haihu gida Jega, kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Ita ce ɗiyata ta fari. Ba na kama sunanta, ba na tambayar lafiyarta a gaban mutane. Ƙanwata Hindu ce ke kiranta Wasila baki buɗe. Abin da ya hana ni jin daɗin tuwo shi ne ranar da naƙuda za ta zo, a ce a kai ta asibiti, mota ta ƙi tashi. Tunda ba ni da bakin faɗin haka, sai na koma zancen kafireta, abin nan da ke ba injin mota mai. A ƙofar masallaci kafireta, a wurin mai shayi kafireta, har aka fara cewa Altine ya fi son ƙarfe da mutane.

Ukasha ya ce zafin inji ne ke hawa kafireta ya tafasa mai. Maganin shi ne wani ɗan faifai mai rami a tsakiya da ake sawa tsakaninsu, kamar matashi, ya tare zafin. Ya nuna min a wayarsa wasu tsofaffin Turawa suna gardama a kansa kamar za su daku, sannan ya kawo nasa, baƙi, mai tauri, irin abin da ake yin mariƙin tukunya da shi. Da a nan na tsaya da ban wahala ba.

Sai na je Aliero na faɗa wa yayana Khalilu, dillalin albasa, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har yau yana ganin rabin motar nasa ne.

"Roba?" in ji shi. "Motar Baba za ka sa ma roba, ina raye?"

Ya shiga ɗaki ya fito da na alminiyam mai ƙyalli, wanda wani direba ya bar masa tun tuni. Ukasha da ya gani ya ce wannan zai kai zafi sama kamar cokali a cikin shayi.

Zance kuma ya isa Gumbin Kure. Malam Bilyaminu, uban mijin yarinyar, kafinta ne. Ya sassaƙa nasa da icen maɗaci, ya goge shi har yana sheƙi, ya naɗe a sabon ƙyalle ya aiko tare da goro. Ukasha ya ce ice yana tare zafi, gaskiya ne, amma ramukan sun karkace, iska za ta riƙa shiga ta gefe.

To wa zan mayar wa nasa? Wanda ya ciyar da ni, ko surukin da ɗiyata ke cin abinci a gidansa? Na ce Ukasha ya nemo dogayen ƙusoshi ya jera su duka ukun. Kafireta ta yi sama kamar hular ango, murfin inji ya ƙi rufuwa, muka ɗaure shi da robar tsohon tub na taya.

Ranar ɗauko ta, Yaya Khalilu ya zo don shi ne babba, Hindu kuma don ita ce goggo. Muka isa Gumbin Kure inji yana ihu kamar ana yanka shi. Kafin ma a gama gaisawa Malam Bilyaminu ya leƙa ƙarƙashin murfi, ya ga maɗacinsa a tsakiya, ya yi murmushi, ya ce zai raka mu har Maiyama. Mata biyu suka zauna gaba kusa da ni, dattawa biyu suka hau baya kan tabarma tare da kayanta. Ban dubi yarinyar ba. Ta madubi dai na ga ƙafafunta sun kumbura lokacin da take hawa.

A tsakiyar Maiyama, rana tsaka, wata akuya ta gitta. Na taka birki, mota ta yi tari ta mutu. Na murɗa makulli har hannuna ya gaji.

Muka kwance roba, dattawa suka sunkuya kan inji.

"Malam, wanga ice naka aiki ne na gwani," in ji Yaya Khalilu. "Ni ina ganin bai kamata a ɓata shi da baƙin mai ba. A cire a aje shi ɗaki, jikoki su gani."

"Allah shi ba ka lada, Alhaji," in ji Malam Bilyaminu. "Ai naka ne abin ajiya. Dubi ƙyalli! Irin wanga ba a barin shi shina shan wuta."

Suka ci gaba da yabon juna haka, murya tana ƙara kauri. Mutane suka taru. Mai rake ya goyi bayan ice, wani ɗan kabu-kabu ya rantse da alminiyam. Duk suka juyo suna jiran in zaɓa. Na ɗauko sifana, na kwance kafireta, na cire baƙin nan na Ukasha, don shi kaɗai ne ba shi da dattijo a wurin. Kowa ya ce na yi adalci. Mota ba ta tashi ba.

Hindu ta buɗe ƙofa ta fito, mayafi a kafaɗa.

"Yaya Altine, Wasila na jin bayanta, gumi ya jiƙe ta, ku kuna nan kuna rabon gado kan katako. Kai mi kaka jira?"

Na buɗe baki in tambaya ko ciwon mai tsanani ne, na ga suruki yana kallona, sai na ji kaina ina cewa, "Injin na buƙatar ya ɗan huce."

"To shi huce da kai," in ji ta. Ta tare wata motar haya mai zuwa Jega, ta kama hannun yarinyar suka shiga. Na tsaya da sifana a hannu ina kallonsu har suka ɓace.

Sai bayan la'asar motar ta ga dama. Da na isa gida na tarar da Hindu a tsakar gida tana tankaɗe. Na ce, "Kayan sun iso lafiya?"

"Kayan sun ci tuwo sun yi barci," in ji ta. "Ba naƙuda ba ce, zaman motarka ne."

Washegari na sa Ukasha ya ɗaura baƙin shi kaɗai. Maɗaci da alminiyam da dogayen ƙusoshin na ajiye su ƙarƙashin kujera, don in wani dattijo ya aiko yana tafe in mayar masa da nasa kafin ya iso. Na gwada ta zuwa Fagada da tsakar rana, na kashe, ta tashi. Sau ɗaya dai ne, kuma ranar akwai hadari.

Jiya Yaya Khalilu ya aiko cewa zai zo ya zauna wurina har a yi suna, Malam Bilyaminu ma ya ce zai riƙa leƙowa ranar kasuwa. Ban san ranar da naƙudar za ta zo ba, ban kuma san wane matashi za ta tarar a ƙarƙashin kafireta ba.