Robar da Na Cika wa Kampan

Shekara goma na yi ina aikin sa-kai na kiwon lafiya a ƙauyenmu Nong Sano, a bakin kogin Ci, kuma ba yabon kai ba, babu wadda ta kama ƙafata a duk gundumar. Da an gama girbin shinkafa sai asibiti su aiko da 'yan robobi masu jan murfi, kowane baligi ya sa ɗan bayan gidansa a ciki, a kai a duba ko akwai ƙwan tsutsar hanta. Wanda aka gani a ba shi magani, idan ya haura shekara arba'in a ɗauki hoton cikinsa. Ni ke rabawa, ni ke karɓowa. Gida arba'in da biyu ne a hannuna, kuma a duk shekarun nan goma ban taɓa mayar da roba ko ɗaya wayam ba. Har takardar yabo aka ba ni, na sa mata gilashi na rataye ta a saman talabijin.

Mutum ɗaya ne ya gagare ni, shi ne mijina Kampan.

Kampan masunci ne ɗan masunci. Idan ya jefa birgi da sassafe ya dawo da ƙananan fararen kifayen nan, ba ya son ya ga wuta ta matso kusa da su. Koi yake so: a daddatse kifin ɗanye, a matsa lemon tsami, a zuba barkono da garin gasasshiyar shinkafa da jajayen tururuwa, ya dunƙula shinkafa mai danƙo yana dangwala. Ni kuwa da safe in kama lasifikar mai gari ina cewa jama'a a dafa kifi, da rana in zauna gindin tsamiya ina daddatsa masa ɗanye. Ni ba na ci, tun ina yarinya ƙarninsa ke tayar mini da zuciya. Amma mutumin da kika yi shekara talatin da shi ya zauna yana kallon hannunki kamar yaro, ki gwada hana shi ki gani.

Shekarar farko na miƙa masa robarsa.

"Ta mece ce wannan, Tongbai?"

"Ka fi ni sani."

"Ni? In tsuguna in auna kashina da cokali kamar mai sayar da yaji, in kai wa sa'ar 'yata ta leƙa? Tsohuwa, ki nemi wata sana'ar."

"Kowa ya bayar, Baban Lamduan. Har babban malamin haikali."

"Shi ya ga zai iya. Ke yanzu fisabilillahi, wace tsutsa ce za ta sha lemon tsami da tururuwa, a bi ta da giyar shinkafa, ta wayi gari da rai? Ni kaina da ƙyar nake wayar gari."

Motar asibiti za ta zo ƙarfe goma. Robobi suna jere a kwando, kowacce da suna, saura tasa. Na ji kunyar a ce mai tara na mutane ta kasa tara na gidanta. Sai na zaga baya na raba nawa biyu, na sa rabi a robarsa, na rufe, na rubuta sunansa. Na ce a raina baɗi zan matsa masa.

Da takarda ta dawo, an buga masa hatimi: babu. Ya juya ta gaba da baya, ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ashe har wannan aikin kike yi mini! Kai, na yi dacen mata."

Ni ma na yi dariyar, kuma ita ce dariyar da ta fi ci mini rai yanzu. Baɗi ta zo ban matsa ba, don hanyar ta riga ta yi sauƙi. Abin da ban zata ba shi ne, bayan shekara uku ko huɗu shi kansa ya fara yarda da takardar. Yakan zaro ta daga aljihu a shagon mai shayi yana nuna wa abokansa, wai ga shi shekara hamsin yana cin ɗanye likitoci sun duba sun rasa. Ina ji in kau da kai. Sau tara na kawo masa wannan "babu" ɗin har gida da hannuna.

A shekara ta goma Wilai, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu, ta tara mu a rumfar haikali. Ta ce bana ba da madubin likita za a duba ba, za a tura robobin birni a yi musu gwajin ƙwayar halitta, wanda suke kira DNA. Ta ce madubi sai ƙwai sun yi yawa yake gani, kuma yana rikita na tsutsar hanta da na wata 'yar tsutsar hanji. Wannan kuwa ko ɓurɓushi ne a ciki zai gano, ya faɗi kowace iri ce. Wata tsohuwa ta ce to ai gara a tambaye shi wa ke sace mata agwagi. Aka yi dariya. Ni ko a jikina, na raba nawa biyu kamar kullum.

Bayan sati uku Wilai ta zo gidanmu a kan babur, takarda biyu a hannunta.

"Inna Tongbai, ke da Baba duk an gani. Ba ta da yawa, amma ita ce, ta hanta. Ke ma? Ke da kike mana wa'azi?"

Ta ba mu ƙwayoyin magani, ta ce ranar Talata mu je a ɗauki hoton cikinmu. Kampan ya ci gaba da gyaran birginsa. Na ɗauka zai yi gardama, amma da Talata ta zo shi ya riga ni shiryawa. Daga baya na gane watanni ke nan gefen cikinsa na dama yana damunsa, yana ɓoye mini. Ramar da na gani kuwa na ɗora ta a kan tsufa.

Nawa hoton bai ɗauki lokaci ba, aka ce lafiya lau. Nasa likita ya daɗe yana goga na'urar hoton a cikinsa, ya kira wani, su biyu suka zura wa allon ido. Aka tura mu babban asibiti, aka sake dubawa. Ciwon daji ne a hanyar matsarmama, kuma ya riga ya bazu. Likitan matashi ne mai ladabi, yana ta juya katin Kampan.

"Abin da ya ɗaure mini kai, Baba, shekara tara ana cewa babu. Madubi yana kuskure, amma mai cin ɗanye kullum kamarka da wuya a rasa gani ko sau ɗaya. Da an gani, da kowace shekara muna ɗaukar hoton nan. Ba zan rantse ba, amma wataƙila da mun kama shi yana ƙarami."

Na buɗe baki zan faɗa. Kampan ya ɗora hannunsa a gwiwata ya danna.

"Likita, madubinku ne ya tsufa," in ji shi. "Kamar ni."

Muka hau motar haya muka kama hanyar gida. Ni ina jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Can sai ya juyo.

"Tsohuwa, bana ma ban ba ki komai ba, ko?"

"Ba ka bayar ba."

"To tsutsar da suka gani taki ce ke nan. Ina kika samo ta, ke da ko warinsa ba kya so?"

"Ina ɗanɗana gishirin. Da ɗan yatsa."

Ya mayar da kansa taga yana kallon gonaki. Da ya sake magana muryarsa ta canza.

"Shekara talatin kina sa abin nan a baki saboda ni."

"Ni na kashe ka, Baban Lamduan."

"Rufe mini baki. Kin shanye maganinki?"

Wata biyar ya yi. Idanunsa suka yi rawaya, jikinsa ya dinga ƙaiƙayi har yana fasa fata, 'yarmu Lamduan ta baro aikinta a birni ta dawo muna jinya tare. Bai taɓa gaya mata maganar robar ba, bai kuma bari na gaya mata ba. Kowace safiya tambayarsa ɗaya ce, ko an ce yaushe za a sake gwada ni. Ranar da muka ƙona gawarsa a haikali, abokansa na shagon shayi suna ta cewa ikon Allah, mutumin da takarda ta wanke sau tara. Washegari na bi su gida gida na faɗa musu gaskiya, na bar wa kowa roba. Biyu daga cikinsu har yau ba sa amsa gaisuwata. Takardar yabon kuma na sauke ta, tana bayan kabad.

Bana na mayar da kwando da roba huɗu wayam, na rubuta sunayen masu su na ba Wilai, na ce ta je da kanta. Ta dube ni da mamaki, ban yi mata bayani ba.

Jiya ta kawo sakamakona. Ta miƙo mini daga kan babur tana murna, ta ce Inna kin rabu da ita. Na buɗe na ga hatimin da na sani: babu. Wannan karon gaskiya ce, kuma ita ce amsar da ya yi wata biyar yana tambaya. Na shiga da ita har tsakar gida kafin na tuna babu wanda zan miƙa wa.