Mai Akwati Bai Zo Ba

A bakin ƙofar lambuna na tare shi. Ya riga ya sauko daga matakalar gidansa, ya zura kwat a kan kayan barci, ƙafarsa cikin silifa, dusar ƙanƙara ta kai masa idon sawu. Akwatin kiɗan yana ƙarƙashin hammatarsa, a naɗe cikin tawul ɗin kicin.

"Firmin, ina za ka a haka?"

"Kin san inda zan je. Matsa mini, Huguette."

Ban matsa ba. Leɓensa ya yi shuɗi, numfashi yana fita masa da ƙyar. Shekaranjiya likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ko banɗaki kada ya je sai da mai riƙe shi. 'Yarsa Mireille, wadda ta zo daga birnin Lausanne don jinyarsa, kantin magani kawai ta leƙa, shi kuwa ya ga dama ta samu. Na kama hannunsa na juya shi. Ƙarfin gardama ya ƙare masa sai na baki, har muka shiga ɗaki yana ce mini mai shisshigi, wai tun da na tare a layin nan ba a taɓa yin tari ban leƙo ba.

Matarsa Odette tana gidan tsofaffi a saman gari, bayan coci. Hankalinta ya daɗe da fara gushewa. Kullum da yamma Firmin yakan hau tudun nan da akwatin, ya zauna kusa da ita ya murɗa mata. Su biyu suka haɗa shi shekarar da suka yi aure, lokacin da rabin mutanen garinmu, Sainte-Croix, da ƙera akwatunan kiɗa suke ci. Ita ta dasa ƙananan allurai a jikin gangar tagullar, ɗaya bayan ɗaya, a teburinta na gaban taga. Shi ya goge haƙoran matajin ƙarfen da alluran ke kaɗawa in gangar ta juya, har kowanne ya ba da sautinsa. Waƙoƙin Kirsimeti yake bugawa, waɗanda muka tashi muna rerawa, kuma ko a tsakiyar watan Yuli su ake ji a ɗakin Odette. Ba ta gane 'yarta yanzu. Firmin ma ba ta san mijinta ba ne, "mai akwati" take ce masa. Amma ranar da bai zo ba, ba ta taɓa abinci, sai ta yi ta bin ƙofofin gidan tana murɗa hannayensu.

Ya ƙi kwanciya. Ya zauna a bakin gado, ya miƙe, ya dafa kujera ya je taga, ya dawo. Ya ce jiya Mireille ta kai akwatin, uwar ta ɗauka ɓarauniya ce, ta yi ta ihu har sai da aka fitar da ita. Daga nan ya tsaya yana kallona, na gane inda ya dosa: ni yake so in kai mata.

Na tuna masa cewa ni da Odette ba mu taɓa yin zaman daɗi ba. Dusar rufinmu tana zubowa kan furanninta, kyanwata tana tona mata lambu, igiyar shanyata tana tare mata rana. Rediyo take ce mini, wai bakina ba ya hutawa, a gaban mutane, a kantin burodi.

"Ai shi ya sa," in ji shi. "Duk wanda take so ta manta shi. Ke wataƙila tana riƙe da ke."

Ya warware tawul ɗin, ya kifa akwatin a cinyarsa ya nuna mini makullin da ke ƙasa. Kada in murɗa har ƙarshe, in tsaya da zarar na ji ya yi tauri. Akwai wata 'yar fanka a ciki da take maƙalewa in sanyi ya kama ta, in taɓa ta da farce, ba da yatsa ba. Kada in sa shi a gado, katifa tana shanye sautin, a kan katakon taga zan ajiye. Ya sa na maimaita, ya ce na yi gaggawa, na sake. Sau da yawa sai ya kai hannu zai ƙwace.

Na tarar da Odette a tsaye tsakiyar ɗaki, rigar sanyinta a juye. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Rediyo. Wa ya kunno ki?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ta tambaye ni ina mai akwati, na ce mura ta kama shi, ya aiko ni. Ta ce ƙarya nake, tun da can ba ni da aiki sai bin mazan mutane da ido. Amma da na ajiye akwatin a taga na taɓa fankar, sai ta zauna. Ta bi waƙar da murya ƙasa-ƙasa, babu kalmomi, yatsunta suna tsinto wani abu a cinyarta suna dasawa. Ma'aikaciyar gidan ta leƙo da miya, Odette ta shanye ba tare da ta dubi kwanon ba. Da zan fita ta riƙo rigata.

"Ki ji nan. Wannan mutumin ni yake zuwa gani. Kada ki sa rai."

A taga na samu Firmin, Mireille tana bayansa da bargo tana roƙonsa ya zauna. Tun ban cire takalmi ba ya hau ni da tambaya. Ta ci? Ta rera? Wace waƙa ta fi bi? An rufe mata tagar da ke shigo da iska? Da na faɗa masa abin da ta ce da zan fita, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mireille ta harare ni. Da ya samu numfashi sai ya ce in sake faɗa masa, yadda ta faɗa, da muryarta.

Haka muka yi ta yi. Ni in hau, in sauko, in kawo labari. Shi kuwa kullum yana ƙara ramewa, yana ƙara kasa zama wuri ɗaya. Kwanciya tana toshe masa ƙirji, zama yana gajiyar da shi. Ya sa a juya gadon ya fuskanci tudu, ya ce a mayar, ya ce a sake juyawa. Fasto ya zo, Firmin ya bar shi yana addu'a ya tambaye ni ko na tuna in goge ƙurar murfin. Miyar da na kai masa ya ce gishiri ya yi yawa, washegari ya ce babu gishiri. Ya roƙi Mireille ta nemo mota a kai shi ko sau ɗaya, likita ya ce ba zai kai ƙofar gidan da rai ba. Ranar wuni ya yi yana juya yatsunsa biyu a kan bargo, kamar mai murɗa makullin akwatin.

Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, da hantsi, ina rataya rassan itacen fir na ado a ƙofata, Mireille ta fito ba mayafi ba kwat ta tsaya a kan matakala. Ina ganin fuskarta na ajiye abin hannuna. Daga baya ta gaya mini cewa ya tashi da kansa ya sa safa ɗaya, ya ce ta kawo masa takalmansa na fita. Ta je ɗaukowa don kawai kada su yi rigima. Da ta dawo ta same shi ya jingina da allon gado, ɗayar safar a hannunsa, ya cika.

A kicin ɗinsu muka yi ta jan magana. Mireille ta ce kada a gaya wa uwarta, za ta yi kuka ta manta, gobe a sake kashe mata shi. Ni na ce macen da ta yi zaman aure irin wannan ba a ɓoye mata. Ba mu daidaita ba. Da yamma ta yi, ita ce ta naɗe akwatin ta miƙo mini, ta ce in yi abin da na ga ya dace, ita ba za ta iya hawa ba.

An gyara wa Odette gashi ranar, an ajiye mata lemon tanjarin a faranti. Ta leƙa bayana kafin ta dube ni.

"Yau ma ke ce? Shi fa?"

Na zauna, na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba.

"Odette, Firmin ya rasu. Yau da hantsi."

Ta daɗe tana kallona. Ta maimaita sunan a hankali, kamar tana neman inda ta taɓa jin sa.

"Allah sarki," in ji ta. "Ki yi wa matarsa ta'aziyya." Ta zare hannunta. "Amma mai akwati na tambaye ki."

Na ce ya ce in murɗa mata.

Na murɗa. Wannan karon ba ta bi waƙar ba. Ta ɗauki lemon ta ɓare a hankali, tana cire zaren jikinsa ɗaya-ɗaya, ta raba biyu. Ta cinye rabi. Ɗaya rabin ta ɗora a kan kyallen goge baki, ta tura shi can gefen tebur wajen ƙofa, nesa da hannuna, ta gyara zama.