Inna Kulu Ba Ta Shiga Rumbu

Reuben ɗan wani ƙauye ne a gabas da Ɗambatta. Bayan ya gama karatun kwamfuta a Kano ya dawo gida, shi da abokansa suka harhaɗa manhajoji da Hausa domin tsofaffin kwamfutocin makarantun ƙauye, suka sa wa tarin suna Rumbu. Doka ɗaya suka kafa: duk abin da ya shiga Rumbu, kowa na da ikon ya kwafa, ya canza yadda ya ga dama, ya raba wa wasu.

Malama Safara'u tana koyarwa a firamaren garin, kuma Allah ya ba ta hannun zane. Tare suka ƙirƙiri wasan yara na korar tsuntsaye daga gonar gero. Reuben ya rubuta manhajar, ita ta zana komai: zangarniyar gero, garken tsuntsaye, da wata tsohuwa a bakin gona tana kaɗa gwangwani. Tsohuwar kakarta ce, marigayiya Inna Kulu. Ta zana ta da tsagar fuskarta, da giɓin haƙorinta, da yadda take ɗaura ɗankwali a karkace. Duk ɗan garin da ya gani sai ya ce, "Ai Inna Kulu ce."

Da lokacin sakin sabon Rumbu ya matso, Reuben ya same ta a gindin darbejiyar makaranta bayan an tashi.

"Malama, saura amincewarki a kan zanen. Kin san dokarmu."

"Kowa ya kwafa, na yarda," in ji ta. "A kai har Maiduguri. Amma ba a taɓa min shi."

"To ai bai zama na kowa ba kenan."

"Dama ba na kowa ba ne. Kakata ce."

Ya yi mata bayani a tsanake. Ya ce gobe wani malami a rugar Fulani zai so ya sauya kayan tsohuwar su dace da yaransa, kuma don irin wannan aka yi Rumbu. Ta ce malamin ya zana tasa kakar. Ta ga abin da samari ke yi da hotunan mutane a waya, a ɗora kan dattijo a jikin jaki a yi ta dariya a majalisa. Ba za ta buɗe wannan ƙofar da hannunta ba.

"Mai son yin haka ba zai nemi izininki ba," in ji Reuben.

"To ya yi a matsayin ɓarawo. Ba dai ya ce ni na ba shi ba."

Aka kai maganar gaban 'yan ƙungiyar Rumbu. Mudassir, wanda shi ke zagaya makarantu a babur yana saka Rumbu, ya kawo shawara a ware wani ɓangare na kayan da ba a canzawa, a sa zanen a can. Yawancinsu suka gyaɗa kai. Reuben ya ƙi. Ya ce malamin ƙauye ba shi da lokacin tantance wanne ne halal ɗinsa wanne ne ba nasa ba, kuma ranar da aka ɗaga wa zanen Safara'u ƙafa, washegari wani zai kawo wasan ƙwallon wani kamfani ya ce a sa a wannan ɓangaren. Ya ce in an yi haka a cire sunansa.

Safara'u ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ba sai an cire sunan kowa ba. A cire min kakata."

Haka Rumbu ya fita, da wasan amma babu zanenta. Reuben ya cike gurbin da abin da ya iya: tsuntsaye suka zama ɗigo baƙaƙe, tsohuwa ta zama sanda mai kai. Yara suka gwada sau ɗaya suka koma wasan langa.

Ranar kasuwar Ɗambatta Safara'u ta shiga mota ta je rumfar Basiru mai tura waƙoƙi da finafinai a waya. Ta ba shi zanen gaba ɗaya, ta ce duk malamin da ya zo a tura masa kyauta, da sharaɗin a faɗa masa baki da baki cewa ba a canzawa. Kafin a yanke gero, makarantu da dama sun ɗora zanenta a kan wasan Reuben da kansu. Mudassir ma da memori biyu yake yawo a aljihu, ɗaya na Rumbu, ɗaya na zanenta.

Reuben bai hana ba, don dokarsa ce ta ba su dama. Ya dai je ya same ta ya tambaya ko za ta zana wata tsohuwar da ba kakar kowa ba.

Ta gama ɗaure littattafan yara. Sannan ta ce tsuntsaye da gero da gwangwani ta bar wa Rumbu, a yi yadda aka ga dama da su. Tsohuwa kuwa guda ɗaya ta iya zanawa.

Ya karɓi tsuntsayen ya yi godiya. A bakin gonar cikin Rumbu har yanzu sandar nan ce a tsaye.